Kogin Mariga da Kogin Kontagora: Nazari a Kan Matattarar Ruwan Ƙasar Bobi

1.0 Gabatarwa

Bobi gari ne a Ƙaramar Hukumar Mariga ta Jihar Neja, cikin masarautar Kontagora, a gabashin birnin Kontagora ta hanyar da ta nufi Tegina. An fi sanin sunan garin saboda makiyayar da gwamnati ta keɓe a yankinsa, mai faɗin kimanin hekta 30,000. Galibin maganganun da ake yi a kan wannan makiyaya sun tsaya ne ga yawan shanu da madara da rikicin manoma da makiyaya. Ba kasafai ake tambayar daga ina ruwan wurin yake zuwa ba, ko ina yake tafiya bayan ya sauka, alhali kuwa amsar waɗannan tambayoyi biyu ita ce za ta nuna ko makiyayar za ta rayu ko ba za ta rayu ba.

Wannan maƙala za ta dubi yankin ta fuskar labarin ƙasa. Za a bi manyan koguna biyu da suke kwashe ruwan ƙasar, wato Kogin Mariga ta gabas da Kogin Kontagora ta yamma, tun daga tudu har zuwa inda kowannensu ya sadu da Kogin Kwara. Za a kuma taɓo kalmomin da Hausa take da su na bayyana waɗannan abubuwa, domin sunayen wurare da dama a wannan ƙasa daga ruwa suka samo asali.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Hausa ba ta rasa kalmomin ruwa ba. Akwai kogi da gulbi ga babban ruwa mai gudu, da rafi da ƙorama ga ƙarami. Akwai marmaro ko idon ruwa inda ruwa yake ɓuɓɓugowa, da fadama inda yake kwantawa ya jiƙa ƙasa, da tafki da kududdufi inda yake tsayawa cik. Wurin ƙetarewa mashigi ne, wurin shayar da dabbobi mashaya, wurin haɗuwar koguna biyu kuwa mahaɗa ko magama. Ƙasar da ruwa ya kewaye ana kiranta tsibiri, a bakin mutanen Kwara kuwa gungu.

Abin da ba a cika samu da suna guda tsayayye ba shi ne dukkan faɗin ƙasar da ruwanta yake gangarawa cikin kogi ɗaya. A nan za a kira shi matattarar ruwa. Za a iya kwatanta ta da ƙwarya: duk ɗigon da ya faɗa cikinta, ko a gefe ko a tsakiya, ƙasan ƙwaryar zai nufa. Iyakar da ta raba matattara da maƙwabciyarta kuma za a kira ta marabar ruwa. Misalinta doron rufin ɗaki ne, inda ɗigo biyu za su sauka kusa da juna, ɗaya ya bi gabas ɗaya ya bi yamma. Marabar ruwa ba dole ta zama dutse mai tsawo ba. Sau da yawa tudu ne mai sauƙi wanda matafiyi zai wuce a mota bai lura ba.

Irin wannan maraba ce take tsakanin Kontagora da Mariga. Wanda ya tashi daga Kontagora ya nufi Tegina yana barin ƙasar da ruwanta yake bin yamma zuwa Kwara kai tsaye, ya shiga ƙasar da ruwanta yake bin Mariga zuwa Kogin Kaduna. Ƙasar Bobi tana kan wannan hanya, a kan tudun da ƙananan rafuka suke farawa. Wannan matsayi yana da muhimmanci ƙwarai: mazaunin tudu yana aika wa wasu ruwa, amma shi babu mai aiko masa. Abin da sama ta ba shi, shi ke nan rabonsa na shekara.

3.0 Shimfiɗar Ƙasa da Duwatsu

Iri biyu na dutse ne suka haɗu a ƙasar Kontagora. Ta arewa da gabas akwai tsohon dutsen gindi, wanda shekarunsa suka haura miliyan 500, mai tauri, wanda yake leƙowa nan da can a matsayin manyan duwatsu masu sanƙo da fā shimfiɗaɗɗe. A cikinsa akwai zirin duwatsu masu falle-falle da suka miƙe daga arewa zuwa kudu, irin na Birnin Gwari da Kushaka da Zuru, kuma a jikinsu ake samun zinariya. Ta kudu kuwa akwai dutsen yashi na kwarin Bida, wanda ya faro daga wajejen Kontagora ya miƙe kudu maso gabas har bayan Lakwaja.

Bambancin waɗannan duwatsu biyu shi ne yake hukunta halin ruwa. Dutsen yashi yana shan ruwa kamar soso, ya adana shi, ya riƙa sakinsa a hankali. Dutsen gindi ba ya shan ruwa sai ta inda ya tsage ko inda samansa ya ruɓe ya zama ƙasa. Don haka a irin wannan wuri rijiyar burtsatse sa'a ce: a haƙa nan a sami ruwa saboda an dace da tsaga, a matsa taku ɗari a haƙa a tarar da busasshen dutse. Haka kuma ruwan sama ba ya daɗewa a kai. Da an yi mamako sai rafuka su cika su tumbatsa cikin 'yan sa'o'i, bayan kwana biyu su janye.

Dangane da tudu da gangare, birnin Kontagora ya ɗara mita 300 bisa teku, alhali fuskar tafkin Kainji idan ya cika tana wajen mita 140, ta tafkin Jebba kuma wajen mita 100. Wannan tazara ta kimanin mita 200 ita ce take ba kogunan ƙarfin gudu da ƙarfin kwasar ƙasa.

4.0 Kogunan Biyu

4.1 Kogin Mariga

Mariga ya fito ne daga tuddan arewa, wajen da Jihohin Zamfara da Katsina da Kaduna suke kusantar juna. Yana gangarowa kudu ta ƙasar Birnin Gwari, inda ya zama iyaka tsakanin Gandun Dajin Kamuku na Jihar Kaduna da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. An mayar da Kamuku gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa kuma ya ɗan haura murabba'in kilomita 1,100. Daga nan kogin yana shiga Jihar Neja, ya karɓi rafukan ƙasashen Mariga da Rafi, sannan ya zuba cikin Kogin Kaduna a yankin Zungeru da Wushishi.

Shi kuwa Kogin Kaduna, tsawonsa kimanin kilomita 550 ne. Ya faro daga tsaunukan Jos kusa da Vom, ya yi kwana a arewa maso gabashin birnin Kaduna, ya ratsa matsatsin duwatsun Shiroro, ya wuce Zungeru, ya faɗa Kwara a Muregi daura da Pategi. An fi danganta sunansa da jam'in kalmar kada, wato kadduna, ko da yake akwai masu ganin daga harshen Gwari sunan ya fito. An datse shi a wuri biyu a Jihar Neja: madatsar Shiroro mai ƙarfin megawat 600, wadda ta fara aiki a 1990, da ta Zungeru mai megawat 700, wadda aka kammala a 2023.

Akwai wani abu a nan da ya kamata a lura da shi. Mahaɗar Mariga da Kaduna tana ƙasa da waɗannan madatsu biyu. Ke nan ruwan da ya sauka a Kamuku ko a ƙasar Bobi ba ya ratsa ƙofar kowace madatsa daga cikinsu kafin ya isa fadamun Wushishi da na ƙasar Nufe. Idan aka yi ambaliya a can ƙasa, bakin jama'a yakan tafi ga Shiroro, a ce an saki ruwa. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma wani kaso na ruwan daga Mariga yake, kuma babu injiniyan da yake riƙe da makullinsa. Daji da ciyawa da fadamun da suke kan hanyarsa su kaɗai ne suke rage masa gudu.

4.2 Kogin Kontagora

Wannan kogi bai kai Mariga tsawo ba, amma shi ne ya ba masarautar suna. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, shi ya kafa garin a 1864. Ruwayar baka ta nuna cewa da shi da jama'arsa suka iso bakin ruwan sai aka ce "kwanta gora". Wasu sun fassara maganar da cewa umarni ne a ajiye goruna a yada zango. Wasu kuma sun ce ruwan ne bai da zurfi, sai an kwantar da gora kafin ya cika. A daidaitacciyar Hausa "kwantar da gora" za a ce, kuma goran da ake nufi na ɗiban ruwa ne, domin karin sauti ya bambanta shi da gorar da take tsiro a kurmi. Ko wace ruwaya aka ɗauka, ta biyun ta dace da halin kogin da rani, lokacin da yake komawa 'yan kududdufai a cikin yashi.

Daga Kontagora kogin yana bin yamma da kudu maso yamma, ya ratsa ƙasar Magama, ya bi ta gefen sashen Zugurma na Gandun Dajin Tafkin Kainji, ya zuba cikin Kwara a ƙasa da madatsar Kainji. Tun da aka datse Kwara a Jebba, madatsar da aka buɗe a 1985, ruwan Kontagora cikin tafkin Jebba yake shiga. Ta arewa da shi akwai Kogin Malendo, wanda yake zuba cikin tafkin Kainji.

Sakamakon haka, ɗigo biyu da suka rabu a tudun da yake tsakanin Kontagora da Bobi suna sake haɗuwa, amma sai a Muregi. Na yamma zai bi ta injinan Jebba ya ba da wutar lantarki. Na gabas zai bi Mariga da Kaduna ya shayar da shinkafar fadama.

5.0 Damina, Rani da Cikar Kwara

Ruwan sama a wannan yanki yana kaiwa tsakanin milimita 1,000 da 1,200 a shekara. Yakan fara a watan Afrilu ko Mayu, ya yi ƙarfi a Agusta da Satumba, ya ɗauke a Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Maris kusan babu ko ɗigo. Mariga da Kontagora suna bin wannan tsari sau da ƙafa: cika ɗaya a shekara, sannan doguwar rama.

Kwara kuwa halinsa daban ne, domin cika biyu yake yi. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,180, daga tsaunukan Gini ya ratsa Mali da Nijar da iyakar Binin kafin ya shigo Nijeriya. Cikar farko tana zuwa daga Agusta zuwa Oktoba, daga ruwan da ya sauka a nan kusa, wanda Gulbin Sakkwato da Malendo da ire-irensu suke kawowa. Ruwan yakan zo da laka ya yi fari-fari, shi ya sa ake kiransa farin ruwa. Cika ta biyu daga Gini take. Ruwan da ya sauka can da damina yana shiga wata makekiyar fadama a tsakiyar Mali, ya bazu, ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, ya zubar da lakarsa, sannan ya iso Nijeriya daga Disamba zuwa Fabrairu a tace, mai duhu-duhu. Wannan shi ne baƙin ruwa.

Wannan bambanci shi ya raba rayuwar mutanen bakin Kwara da ta mutanen tudu. A daidai lokacin da rafukan Bobi suke ƙafewa, Kwara yana sake cika. Tun kafin a san wani abu wai shi madatsa, makiyaya sun san haka, shi ya sa da kaka ta wuce suke gangarawa da shanu bakin manyan koguna, su hauro tudu idan ruwa ya sauka. Hawan nan na damina yana da dalili na biyu, wato gudun ƙudan tsando da yake yawaita a kurmin bakin ruwa, mai sa wa shanu sammore. Mutane ma ba su tsira daga sharrin bakin kogi ba. Wani ɗan baƙin ƙuda da yake hayayyafa inda ruwa yake gudu a kan duwatsu yana yaɗa cutar da take kawo makanta, kuma ta sa ƙauyuka da dama a irin waɗannan kwaruruka na Afirka ta Yamma suka ja da baya daga ƙasa mai albarka. An sami sauƙinta bayan da aka fara raba maganin Mectizan kyauta daga 1987.

6.0 Gungu da Mutanensa

A tsakanin Yawuri da Busa, Kwara ya kasance yana rarrabuwa ya kewaye tsibirai masu yawa. Mazaunansu su ne Hausawa suka kira Gungawa, daga kalmar gungu, su kuwa suna kiran kansu Reshe. Sun shahara da noman albasa da gero a ƙasar da kogi yake jiƙawa kowace shekara, da kamun kifi tare da Sarkawa. Tsibiri mafaka ne a zamanin yaƙe-yaƙe da farautar bayi, domin doki ba ya ƙetare ruwa mai zurfi. A kan tudu kuwa duwatsu ne suka yi wannan aiki ga Kamukawa da Kambari da Dukawa da Dakarkari. Masana harshe sun haɗa harsunan waɗannan al'ummu cikin rukuni ɗaya da suka sa wa sunan Kainji, mai harsuna wajen 60, a ƙarƙashin babban gidan Binuwai-Kwango. Yawan harsuna a ɗan wannan yanki yana da alaƙa da yadda ruwa da dutse suka keɓe kowace al'umma a lungunta, Hausa kuma ta zama harshen kasuwa da ya haɗa su.

A duwatsun ruwan Busa ne Mungo Park ya halaka a 1806. Yau wurin yana ƙarƙashin tafki. An gina madatsar Kainji daga 1964 zuwa 1968, da ƙarfin megawat 760, ta haifar da tafki mai tsawon kimanin kilomita 135 da faɗin da ya kusa murabba'in kilomita 1,300. Ruwa ya cinye tsohuwar Busa da yawancin tsibiran, har da mafi yawan babban tsibirin Foge, aka tayar da mutane wajen 44,000 zuwa sababbin matsugunai. Manomin gungu da ya saba da ƙasar da kogi yake sabunta masa ya koma noman tudu mai jiran sama. Sunan Gungawa ya saura, gungun da ya haifar da sunan ya nutse.

Kalmar tunga, wadda take gaban sunayen ƙauyuka barkatai a wannan ƙasa, ita ma shaida ce ta irin wannan zama: matsugunin masunta ko manoma da aka kafa da niyyar wucin gadi, ya daɗe har ya zama gari. Haka sunaye irin su Gulbin Boka da Rafi suke nuna cewa da ruwa ake gane wuri.

7.0 Makiyayar Bobi da Lissafin Ruwa

Dokar keɓe makiyayu ta Jihar Arewa ta 1965 ita ce tushen wurare irin na Bobi. Manufarta ita ce makiyayi ya sami wurin da ba za a nome masa ba, ya zauna, a kawo masa ruwa da asibitin dabbobi da makaranta. Daga 2019 gwamnatin Jihar Neja ta sake waiwayar wurin, aka gayyato kamfanonin madara, a daidai lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya matsa a rage shigo da madara daga waje.

Zaunar da makiyayi wuri ɗaya yana nufin a hana shi gangarawar da ya saba yi da rani. Saboda haka dole tudu ya ba shi abin da a da yake samu a bakin kogi. A nan lissafi yana da amfani. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan hekta ɗaya daidai take da lita 10,000. Idan aka ɗauki milimita 1,100 a kan hekta 30,000, abin da yake sauka a makiyayar a shekara ya kai lita biliyan 330. Saniyar da take shan lita 30 a yini, a cikin kwana 180 na rani lita 5,400 za ta sha. Ko da shanu 50,000 ne a wurin, shansu na rani lita miliyan 270 ne, wanda bai kai kashi ɗaya cikin dubu na ruwan da ya sauka ba.

Ashe ke nan ba ƙarancin ruwa ne matsalar Bobi ba. Matsalar ita ce ruwan yana zuwa cikin wata shida, dutsen da yake ƙasa ba ya riƙe shi, gangare kuma yana janye shi zuwa Mariga. Mafi yawansa rana da tsirrai suke mayarwa sama, wani ya gudu, kaɗan ne yake nutsewa. Maganin da aka saba yi shi ne ƙananan madatsun ƙasa a kan rafuka. Sai dai su ma suna da abokan gaba biyu. Na farko zafin rana da iskar hunturu, waɗanda suke iya shanye kusan mita biyu daga fuskar buɗaɗɗen ruwa a shekara, don haka madatsa marar zurfi takan ƙafe a watan Maris, lokacin da aka fi bukatarta. Na biyu laka: duk ƙasar da ruwa ya kankaro daga gonaki da hanyoyin shanu cikin madatsar take kwantawa, zurfinta yana raguwa shekara bayan shekara. Madatsar da aka gina ba a kula da dajin da yake samanta ba, rami ne kawai aka haƙa wa yashi.

Akwai hikima a abin da mutanen ƙauye suke yi tun da can, wato tonon yashin rafi da rani a sami ruwa a ƙasa. Yashi yana kare ruwa daga rana. A ƙasar Kenya an gina wa wannan dabara katanga: ana datse rafi da ɗan gini, yashi ya taru a bayansa, ruwa ya ɓuya a cikin yashin har ƙarshen rani. Rafukan da suke gudu a kan dutsen gindi, masu ɗauke da yashi mai gwaɓi, su ne irin waɗanda wannan dabara ta fi dacewa da su, kuma ya kamata masu tsara makiyayar su gwada ta kafin su ƙara yawan rijiyoyin burtsatse.

8.0 Abin da Tudu Yake Aika wa Kwari

Asalin tsirran wannan ƙasa dajin doka ne da maje da ƙirya da madobiya da maɗaci, tare da kaɗanya da ɗorawa da manomi yake bari a gona, da gamba a ƙarƙashinsu, da kurmi mai duhu a bakin rafuka. Ganye yana karya ƙarfin ɗigon ruwa, saiwa tana buɗe masa hanyar nutsewa, ciyawa tana riƙe ƙasa. Idan aka sare daji, ruwan da zai ɗauki mako yana tsatsafowa sai ya wuce cikin yini ɗaya. Abin da yake biyo baya fuska biyu gare shi: cikar damina ta ƙara tsanani, ƙafewar rani ta ƙara saurin zuwa. Mutanen kwari su sha ambaliya, mutanen tudu su sha ƙishirwa, duk daga sara ɗaya.

Saran kuwa ya yi yawa. Ƙirya ta tafi gawayi, wanda buhunansa suke jere a bakin manyan hanyoyin jihar. Madobiya ta tafi ƙasar Sin, har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu daga 2017, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Nijeriya a 2018. Gonaki sun gangara har gaɓar rafi, inda a da ake barin kurmi.

Haƙar zinariya ta ƙara nata. Masu haƙa suna niƙa dutse su wanke garin a rafi, abin da yake cikinsa kuma ya bi ruwa da ƙura. A 2015 gubar dalma daga irin wannan aiki ta kashe yara 28 a wasu ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Rafi, maƙwabciyar Mariga. Dalma ba ta ruɓewa. Tana kwanciya cikin laka, ta jira cikar wata damina.

Game da ambaliya, shekarun 2012 da 2022 sun nuna abin da Kwara da Kaduna suke iya yi wa ƙasar Nufe. Amma abin da ya faru a Mokwa ranar 29 ga Mayu 2025 ya fi kusa da batun wannan maƙala, domin ba Kwara ne ya cika ba. Ruwan sama ne na dare ɗaya a kan ƙaramar matattara, ya taru, ya ɓalle ta cikin unguwanni, ya hallaka mutane fiye da 150. Ƙaramin rafi da ya bushe wata shida yana iya yin ɓarnar da babban kogi bai yi ba, idan an yi gini a kan hanyarsa.

Tambayar da ta rage ita ce wa yake da alhakin matattara. Ruwan Mariga ya ratsa jihohi fiye da biyu, kowace da ma'aikatarta ta gandun daji da ta ruwa. Tun 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumomin raya kwarin koguna, kuma wadda take kula da wannan yanki tana da hedikwata a Minna. Akwai hukumar raya yankunan da suke samar da wutar lantarki daga ruwa, wadda aka yi dokarta a 2010 amma ba ta fara aiki ba sai 2021. A sama da su akwai Hukumar Kwarin Kogin Kwara ta ƙasashe tara, mai mazauni a Yamai tun 1980. Hankalin waɗannan hukumomi ya fi karkata ga manyan madatsu da manyan filayen noman rani, wato ga gindin ƙwarya. Gefen ƙwaryar, inda ruwan yake farawa, an bar shi ga dagaci da mai unguwa da ma'aikacin daji, waɗanda ikonsu bai wuce iyakar gundumarsu ba.

Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin. Dazuzzukan Kamuku da Kuyambana, waɗanda suke riƙe da kan Kogin Mariga, sun zama maɓoyar 'yan bindiga. A 2021 an sace ɗalibai a Kagara cikin watan Fabrairu, aka kuma sace yaran wata Islamiyya a Tegina cikin watan Mayu, duk a kan hanyar da ta bi ta wannan matattara. Inda malamin daji ba ya iya shiga, mai auna ruwa ma ba ya iya zuwa ya karanta ma'auninsa. Hare-haren sun kuma tura manoma da makiyaya da yawa barin ƙauyukansu zuwa gefen manyan garuruwa irin su Kontagora, inda suke neman itacen girki da filin noma da mashaya a kan 'yan rafukan da suka riga suka gaji.